Ƙwayar da Ba a Sha a Japan

A shekarun da soja ke mulki, ana kiran kowa kamarad, ina koyarwa a makarantar 'yan mata a Malanville. Duk baƙon da ya zo da Faransanci a bakinsa, ni ake turo wa in yi masa tafinta. Haka aka haɗa ni da wata 'yar Japan da ta zo nazarin noman shinkafa a bakin kogi. Mace ce mai kunya, ba ta wuce talatin ba, komai ta gani sai ta rubuta.

Na kai ta Garou, gidan yayana. Shi manomin albasa ne, kuma akwai abu guda da ya yarda da shi ɗari bisa ɗari: kayan Japan. Babur ɗinsa na can ne, injin ban ruwansa ma haka, bai taɓa ba shi kunya ba. Da ya ji daga inda baƙuwar ta fito, sai da ya yanka zabuwa.

Matarsa ta haihu bakwai. A na bakwan ta zubar da jini har aka fid da rai, ungozomar asibiti kuma ta gaya musu a fili cewa wani cikin zai iya tafiya da ita. Ungozomar ce ta samo mata ƙwayar hana ɗaukar ciki, a ɓoye, don a lokacin ba abin da ake tallatawa ba ne. Yayana ya amince da ƙyar. Shekara biyu tana sha, har ta yi ƙiba.

Ranar muna zaune bayan azahar, matar yayana ta ɗauko katin ƙwayar ta ɓalli ɗaya. Baƙuwar ta nemi ta gani. Ta juya shi gaba da baya, ta ce ita da aurenta da karatunta ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Yayana yana gefe yana gyaran fartanya, kunnensa na wurinmu.

Ya ce, "Malama, tambaye ta. Can ƙasarsu mata ba su shan wagga ƙwaya?"

Na tambaya. Ta ce ba sa sha. Hukumarsu ba ta ba da izinin sayar da ita don hana haihuwa ba, matansu kuma tsoronta suke yi, ana cewa tana lalata jiki. Ko zancenta ma ba a cika yi ba, abin kunya ne. Sannan ta ƙara da cewa ita ba likita ba ce, ji kawai take yi, kuma yawancin masu faɗar hakan ba su san komai a kanta ba.

Ni mutum ce mai alfahari da aikina, ba na ragewa ba na ƙarawa. Na juya maganar duka zuwa Hausa, har da ƙarshenta. Sai dai ƙarshen bai shiga kunnen yayana ba.

"Mutanen da sunka ƙera injin ga ba su ba matansu," in ji shi, "mu mi munka sani?"

Daga ranar matarsa ta daina shan ƙwayar. Ita ma ta tsorata, na gani a fuskarta. Na yi ƙoƙarin tuna musu maganar ungozoma, ya ce ungozoma a Kwatano ta yi karatu, ba a Japan ba. Baƙuwar tana ta murmushi, ba ta san me ake cewa ba, ni kuma ban gaya mata ba. Kunyar baƙo ta hana ni, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan wannan.

Bayan wata biyu baƙuwar ta koma ƙasarsu. Kafin albasa ta sake nuna, matar yayana ta haifi 'ya mace. Jinin bai tsaya ba. Ta rasu a kan amalanke, tsakanin Garou da asibiti.

Daga baya wasiƙa ta iso makaranta. A ciki akwai hoton matar yayana tana dariya, ta kare baki da gefen mayafi. Baƙuwar ta yi godiya mai yawa, ta tambayi lafiyar kowa, musamman mai hoton.

Na kwana uku kafin na ba da amsa. Na rubuta mata cewa kogi ya cika bana, albasa ta yi kyau, kuma mun sami jaririya a gidan.