Ko Laifina Sai Da Ka Ƙwace, Wilf

Ranar Talata, takwas ga watan Maris na 2011, da hantsi, Noreen ta buga mini waya ta ce mijinta Wilf Hallam ya rasu. Yana lambun bayan gida yana gyaran kunyar albasa, ya zauna a kan benci don ya huta, bai sake tashi ba. Shekararsa saba'in da shida. Na ajiye wayar, kuma abin da ya fara zo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne: ka ji, ko mutuwar ma mai sauƙi ya samu. Ni ga ni nan da gwiwoyin da suka daina jin magana da ƙwayoyin magani kala bakwai.

Masu mujallar ƙungiyarmu ta tsofaffin sojojin sama sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarka, Wilf, wai don ni ne babban amininka. Gaskiya ne. Amma ba su san shekara hamsin da uku na yi ina kishinka ba, kuma ba su san maganar sifana ba. Yau sai na faɗe ta, ko da za ta jawo a daina gaishe ni a taron watan Satumba.

A 1957 muka haɗu a sansaninmu na Lincolnshire, mu biyu makanikan jiragen ɗaukar bom. An gama babban yaƙi da daɗewa, amma kullum jirage huɗu na tsaye a bakin titi cikin shiri, ana jiran jiniya. Sanyin filin nan har ƙashi yake shiga. Satina na farko na taɓa ƙarfen jirgi da hannu tsirara, fatar yatsana ta manne. Ka cire safar hannunka ɗaya ka miƙo mini, ka ce, "Riƙe, Cyril, hannu ɗaya ya ishe ni, ba kamar wasu ba." Muka yi hunturun nan kowa da safa guda. Na gode maka, amma na lura har da safa ɗayan ka fi ni sauri.

Haka abin ya yi ta tafiya. Takalminka ya fi nawa sheƙi, alhali man gwangwani ɗaya muke shafawa. Ka yi raha a yi dariya, ni in maimaita ita ɗin dai a ce abinci ya huce. Ita kuwa Noreen, wadda take sayar da shayi a motar kanti mai zagaya filin da ƙarfe goma, ni na fara ganinta. Wata huɗu ina bin layi sau biyu don in sake cewa na gode. Shayin da na sha a lokacin ya isa a wanke jirgi.

Wanda ya yi aiki a rumfarmu ta gyaran jirage ya san allon kayan aiki. Kowace sifana da zanen inuwarta a jikin allo, kowane makaniki da lambarsa ta tagulla. In ka ɗauki sifana, sai ka rataya lambarka a gurbinta. In inuwa ɗaya ta zauna babu ƙarfenta, ba jirgin da zai tashi sai an gano inda take, don injin da ya haɗiyi sifana ya gama yawo, shi da mutum biyar da ke cikin jirgin. Lambata sha bakwai, taka tara. Ina da laifi biyu a takardata a lokacin, kuma Saje Tapsell ya riga ya gaya mini na uku shi ne sallama.

Wata Laraba ce a Satumban 1958. Ina kwance cikin bakin inji na biyu ina ɗaure noti, sai na ji hon ɗin motar shayi. Na ajiye sifanar a ciki da niyyar in dawo, na tafi layi. Ina karɓar kofi jiniya ta tashi. Atisaye ne, amma mu ba a gaya mana, kuma minti kaɗan ake ba jirage su bar ƙasa. Matuƙa suka fito a guje. Suna hawa tsani na tuna inda sifanata take. Wilf, na tuna sarai. Ina tsaye da kofi a hannu, ina kallon mutum biyar suna shiga jirgin nan, ina lissafin laifi na uku, ƙafata ta ƙi ɗagawa, bakina ya ƙi buɗewa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, har matata Beryl ta koma ga Allah ba ta sani ba.

Kai kuwa ka bi ta gaban allo, ka ga inuwa babu sifana. Sai ganinka muka yi ka sheƙa tsakiyar titi, ka tsaya a gaban hancin jirgi, ka gicciye hannuwa bisa kai. Uku suka tashi, namu ya tsaya. Aka zaro sifanar daga bakin inji, Saje Tapsell ya riƙe ta yana huci, ya ce, "Ta wane ɗan banzan ce wannan?" Muka bi shi zuwa allo. Lambar da ke rataye a gurbin, tara ce.

"Tawa ce, Saje," ka ce. "Shayi ya ɗauke mini hankali."

Aka yanke maka kwana goma sha huɗu na firar dankali a bayan kanti. To, ga inda abin yake ci mini rai har gobe. Bayan kantin nan ne aka mai da Noreen wankin kofuna a lokacin. Kwana goma sha huɗu kuna hira, ni ina can ina bin layin wata tsohuwa da aka sa a motar. Matuƙin jirgin ya zo da kansa har wurin dankalin ya yi maka godiya. Kwamanda ya tara mu ya ce mu yi koyi da Hallam, wanda ya yi kuskure ya kuma tsaya gaban jirgi ya tona kansa. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura maka igiya biyu ta kofur, an ɗaura maka aure, ni ne ma babban abokin ango, ina riƙe da zobe ina murmushi kamar wanda haƙori ke ciwo. Laifi nawa ne, Wilf! Ni na yi abina da hannuna, amma ko shi sai da ka ƙwace, ka mai da shi igiya da mata da suna.

Na sani, ya kamata in gode. Na gode ɗin. Amma duk wanda aka taɓa yi wa alherin da ba zai iya ramawa ba, ya san godiya da haushi kan kwana ɗaki ɗaya. Kuma ba ka bar ni na huta ba. Da aka rufe sansanin aka mai da shi gonar alkama, kai ka bi gida gida ka tara mu muka kafa ƙungiya. Kai kake kai Saje Tapsell asibiti da ya makance, yana zaginka a hanya kana cewa, "Haka ne, Saje." Da Beryl ta rasu, duk Alhamis sai ka zo da soyayyen kifi da dankali a takarda, ka zauna ka yi ta surutu har in ci. Shekara shida ba ka tsallake ko ɗaya ba. Ina jin ƙarar motarka in ji daɗi, in kuma ce a raina, ga shi nan zai sake fin ni kirki.

Sai taron shekara. Kowane Satumba, a tsohon benen masu ba jirage hannu, sai an ce, "Wilf, ba mu na sifana!" Ka miƙe ka kwaikwayi hon ɗin mota, ka kwaikwayi hucin Saje, mutane na riƙe ciki. In ka zo wurin "Ta wane ɗan banzan ce wannan?" sai ka yi shiru, ka ɗauki kofi ka kurɓi shayi a hankali, ka dubi jama'a, sannan ka ce, "Tawa ce, Saje." A yi ta tafi. Ni ina kujerar baya ina cewa, dubi iya shege, har ya san inda zai ja wa mutane rai.

Bayan an kai ka makabartar coci, Noreen ta kira ni kicin, ta zare wani abu daga zoben makullanka ta sa mini a tafin hannu. Lambar tagulla ce, ta sha hannu har ta yi santsi. Sha bakwai.

Na ce, "Kin sani ke nan?"

Ta ce, "Haba Cyril. Tun kwana na uku na dankali na matsa masa ya faɗa mini. Kana tsammani don kyan hancinsa na aure shi?"

Ta ɗauki kofi tana gogewa, ta ce, "Shayin nan da yake kurɓa a tsakiyar labari, kai yake jira. Duk shekara in mun hau mota sai ya ce, bana ma Cyril bai karɓa ba, bari mu ga baɗi. Ya ce abin yana cin ka, kuma ba mai sauke maka shi sai kai."

Taro talatin da ɗaya, Wilf. Sau talatin da ɗaya ka buɗe mini ƙofa ka tsaya riƙe da kofi, ni ina baya ina jin haushin tafin da ake maka. Har yanzu ina kishinka, kada ka yi zaton mutuwa ta raba mu da wannan. Amma yanzu na san ba igiyar ba ce, ba ma Noreen ba ce. Ƙafar nan taka ce da ta ɗaga ranar Laraba, tawa ta ƙi.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka ƙaryar nan guda ɗaya da ka yi saboda ni, ya sa ka huta. Noreen, da 'ya'yanku Gillian da Roderick, da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya, ya tsaya muku kamar yadda Wilf ya tsaya wa wasu. 'Yan ƙungiya kuma, in Allah ya kai mu Satumba, kada a nemi mai ba da labarin, zan miƙe da gwiwoyin nan nawa. In na zo wurin tambayar Saje, ba zan kurɓi shayi ba.

Tawa ce, Saje. Lamba sha bakwai, Cyril Dobbs.