Ranar da na riga kowa isa kwanar farko

A lokacin da abin nan ya faru ni malamin lissafi ne a wata makarantar maza a nan Madina. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata, da 'ya'ya biyu, da kuma ciwon da ke damun masu koyar da lissafi, wato ganin cewa duk abin da ya gagari mutane don ba su zauna sun auna shi ba ne. A nan aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Na rubuto muku ne domin na gaji da ba da labarin nan ta fuskar da ta fi yi mini kyau.

Muna da wata ƙungiya, in ma ta isa a kira ta haka, ta mutum goma sha biyu masu baburan daji. Idan sanyi ya shigo, kowace Asabar bayan la'asar mukan haɗu a wani fili a hanyar Khaibar, inda muka kwashe baƙaƙen duwatsu muka fitar da hanya mai kwana takwas. Babu kofi, babu kyauta, wanda ya zo na ɗaya shi ake fara zuba wa shayi, shi ke nan. Mai sallamarmu wani dattijo ne, tsohon direban bas ɗin alhazai, muna ce masa Baba. Mu jeru, ya tsaya a gefe da jan ƙyalle a ɗage, in ya sauke hannu mu tashi. Doka ɗaya ce ba ma wasa da ita: duk wanda ya jawo faɗuwa a kwanar farko, inda muke matsuwa kamar masu fita daga masallaci ranar Juma'a, zai ajiye babur har sanyi ya wuce.

Shekara biyu ina zuwa na bakwai ko na takwas. Ga mutumin da ya saba raba wa wasu maki, wannan ba ƙaramin zama ba ne. Sai na zauna na yi nazari, na gano cewa wanda ya riga shiga kwanar farko da wuya a kamo shi. Na kuma lura da abin da babu wanda ya lura da shi: kowa hannun Baba yake kallo, alhali Baba ba ya sauke ƙyallen sai leɓɓansa sun motsa da bismillah. Sati uku ina kallon bakinsa, bai saɓa ko sau ɗaya ba. A Asabar ta huɗu, da ganin leɓɓan sun motsa na saki kuloci na murɗa totur. Ratar ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma ta ishe ni. Na ɗaga kai, babu kowa a gabana.

Nan ne lissafina ya ƙare. Ashe duk shekara biyun nan ban taɓa sanin inda ake kama birki a kwanar nan ba. Bayan wani nake kallo, in ya rage gudu in rage. Yau ga fili fetal, ga kwana tana tahowa, babu bayan da zan kwafa daga gare shi. Na dakata ina jiran alamar da ba za ta zo ba, sannan na danne birki gaba ɗaya cikin firgici. Tayar baya ta zame, babur ya gitta hanya. Wanda ke biye da ni wani bawan Allah ne mutumin Chadi, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda bai fi wata biyu da shiga cikinmu ba. Ba shi da inda zai bi, ya daki tsakiyar babur ɗina, wasu uku suka hau kanmu. Da ƙura ta lafa, abin da idon kowa ya gani shi ne tayarsa a cikin injina, ni kuma a kwance da karyayyen ƙashin kafaɗa.

Ina asibiti aka gaya mini sun zauna sun yanke masa hukunci, wai sabon shiga ne, garaje ya yi masa yawa. Na buɗe baki, sai na tuna cewa in na ce ni ne, za a tambaye ni yadda aka yi ɗan na takwas ya tsinci kansa a gaba, daga nan kuma sai maganar leɓen Baba. Na rufe bakina na ce kafaɗar ce ke zogi. Kwana uku da sallamata ya zo gida da ledar lemu, ya zauna a bakin tabarma ya ƙi hawa kujera, yana kirana Ustaz, yana roƙon in yafe masa. Na ce masa Allah ya yafe mana baki ɗaya. Jumla ce da babu ƙarya a cikinta, kuma na zaɓe ta ne daidai saboda hakan. Har lemun na sha.

Bayan sati bakwai na koma filin a matsayin ɗan kallo, hannu a rataye. Tun daga nesa na hango mutum shi kaɗai a kwanar farko da manjagara, yana share tsakuwa. Shi ne. Aka ce mini bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, yakan zo ya gyara kwanar, ya tsaya ya kalli tsere, ya wanke kofunan shayi ya tafi. Ɗaya daga cikinmu ya ce ya taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa, sai ya amsa cewa iyalinsa suna can gida, kuma a duk mako wannan ce kaɗai ranar da ake kiransa ba don wani abu ya lalace ba. Tseren ranar ban ga komai a cikinsa ba, hankalina yana kan mai manjagarar.

Da aka zauna shan shayi na nemi a ba ni dama. Na tsara maganar a raina kamar darasi, da gabatarwa da kammalawa, amma da na fara sai ta fito a hargitse kamar ta ɗalibin da aka tsayar ba shiri. Na faɗi komai, har da bismillar. Baba ya cire tabarau ya goge, ya ce shekarunsa nawa yana bismillah kafin ya tada mota, bai taɓa jin wanda ya yi satar hanya da ita ba sai yau, kuma malami. Wani ya ce ai dama ya yi mamaki, don a saninsa Ustaz ko a layin burodi bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Ni dai mutumin Chadin nake kallo. Ya ce ya ga lokacin da tayata ta zame, ya san abin da ya faru tun ranar. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa. Ya ce baƙon da bai daɗe ba ba ya fara zama da ƙaryata ɗan gari mai karaya, kuma ya ɗauka in na ji sauƙi zan faɗa da kaina, sai dai bai zaci karaya tana daɗewa haka ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta kai zuci ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Asabar ta gaba ya hau babur ɗinsa, ni kuma aka miƙa mini manjagara har ƙarshen sanyin da rabin na gaba. Baba yanzu da gefen rawaninsa yake rufe baki kafin ya sauke ƙyalle. Mutumin Chadin kuwa sai da ya yi wajen wata biyu kafin ya daina gaishe ni gaisuwar mai shago. Wata rana ya zo ya same ni ina shara, ya ce in ajiye mu taka kwanar da ƙafa. Ya nuna mini wani dutse mai tsaga a gefen hanya, ya ce nan yake kama birki, ko da mutum a gabansa ko babu, kuma in nemi nawa dutsen don nauyinmu ba ɗaya ba ne. Na samu nawa. Yanzu nakan zo na biyar, wani lokacin na huɗu, shi kuma yawanci shi ake fara zuba wa shayi, kuma 'ya'yana sun san shi a matsayin kawu.

Ga masu wannan wasa, shawarata kada ku nemi shiga gaba kafin ku san abin da za ku yi a can. Ku taka hanya da ƙafa, ku san inda za ku rage gudu ba tare da kallon kowa ba, ku sa hular kwano, ku kuma bar wa na gefenku wurin wucewa, domin a kwanar farko ba a cin tsere, sai dai a rasa shi tare da mutane. Ga kowa da kowa kuma, in an ɗora wa wani kayanka, ka sauke masa tun ranar, tun bai saba da nauyin ba. Ƙashina ya haɗe sarai, ko ruwan sama ba ya tuna mini da shi. Asabar bakwai da na cinye wa bawan Allah nan kuwa, ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe, amma har yau ban sami inda ake sayar da su ba balle in mayar masa.