Tikiti biyu na wasan da hukuma ta soke

Shekarun baya, lokacin ina fama da digirina na uku a Kuala Lumpur, muna zaune ni da iyalina a wani ɗan fulat a unguwar Wangsa Maju. A can babbar 'yata ta yi wayo. Ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, ta liƙa "lah" a ƙarshe irin yadda 'yan ƙasar ke yi. Ni kuwa Bakano ne na sosai, ita kuma 'yar fari, don haka ko sunanta ba na kamawa, sai dai "ke". A wajena kunya ce da na tashi na tarar. Yarinyar da ta girma cikin ƙawaye masu rungumar iyayensu a bakin makaranta, ina za ta gane wannan?

Sai aka ce wasu Turawa masu kiɗan rok za su zo wasa. Yarinya ta mutu a kansu, hotonsu har a bayan wayarta. Mahaifiyarta ce ta tare ni.

"Malam, ka kai ta. Baɗi gida za mu koma, kuma jiya tambayata ta yi wai ko Baba ba ya sonta ne."

Na yi ta bambami, ni da gemuna in shiga cikin masu tsalle da girgiza gashi? Amma maganar ta tsaya min a rai. Kashegari na sayi tikiti biyu, na ajiye mata a kan tebur ba tare da na ce komai ba.

Daga nan na fara abin da ko maiɗakina ba ta sani ba. Kullum a jirgin ƙasa na cikin gari ina toshe kunne da waƙoƙinsu, ina waige kada wani Bahaushe ya hango fuskar wayata. Da farko ji na yi kamar maƙera ne suka yi faɗa. A hankali wata waƙa ta kama ni, har na haddace amshinta. Niyyata ranar wasan in an zo kan amshin in rera tare da ita, ta juyo ta gan ni. Abin da bakina ya kasa faɗa, na ce waƙa ta faɗa min.

Ana saura kwanaki kaɗan hukuma ta janye izinin wasan, wai shigar mawaƙan da kalamansu ba su dace da al'adar ƙasar ba. A shagon mamak, inda muke shan shayi, wani abokina har da tafi. "Alhamdulillahi, an raba yara da fitina!" Ban musa masa ba, don da wata biyu baya aka tambaye ni, abin da zan ce ke nan.

Na koma gida na tarar da ita idanu jajur. Ta miƙo min tikitin ta ce, "Ba komai lah, Baba. Na san ka huta."

Wallahi ranar na fi ta baƙin ciki. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

Har yau ba na cewa hukumar ba ta da hujja, ƙasarsu ce. Sai dai wanda ya sa hannu a takardar bai san abin da ya soke a gidana ba, kuma ban sake samun wata ƙofa irin wannan ba har muka dawo Najeriya.

Bara, tana jami'a a wani gari, na yi ta maza na ba ta labarin a waya. Sai ta ce, "Baba, ai tun ranar na daina jinsu. Na ɗauka kunya nake ba ka."