Lahadin da Na Tashi Dakta Umar daga Kolon

Akwai wata safiyar Lahadi a watan Disamba da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin shekarata biyu a ofishinmu na tafiye-tafiye da ke kusa da unguwar Al-Oud a Riyad, ina riƙe da teburin Turai. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mai tebur shi ke tsara wa matafiyi komai: jirgi, masauki, jirgin ƙasa, da abin da zai gani kowace rana.

Dakta Umar likita ne ɗan Kano, dattijo, ya kusa kammala kwantiraginsa a Riyad. Ya ce yana son ya kai matarsa, Hajiya Rabi, Jamus kafin iƙamarsu, wato takardar zaman ƙasa, ta ƙare su koma gida. Ita burinta kasuwannin sanyi da ake kafawa a dandalin birane a ƙarshen shekara, inda shiga kyauta ne. Shi kuwa abu ɗaya ya kai shi. Kakansa marini ne, kuma an ba shi labarin wani gidan tarihi a Balin da ke ajiye da rinannun rigunan ƙasar Hausa.

"Malam Nasiru, ko me za ka rage, rage," in ji shi. "Amma wannan gidan, sai na sa ƙafa a ciki."

Na tsara musu tafiya mai sauƙin kuɗi: kwana uku a Kolon, su shiga Balin ranar Litinin, Talata da safe su hau jirgin dawowa.

A wannan Lahadin, suna can Kolon, na zauna in yanka musu tikitin shiga gidan tarihin. Na danna Litinin, ranar da na sa musu, ta ƙi. Na sake dannawa, ta ƙi. Sai na karanta ƙasan shafin: ranar a rufe suke. Ni da ke ba mutane shawara, ban duba ranar hutun wurin ba.

Na shiga wurin mudir, wato shugaban ofis, wani dattijo ɗan Sudan. Na gaya masa komai ban ɓoye ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Yau a buɗe suke?"

"A buɗe, Ustaz, har yamma."

"To me kake yi a ofishina? Yalla, maza tashe su. Masaukin daren yau ofis zai ɗauka."

Ƙarfe tara ne a wurinmu, bakwai a can. Na kira Dakta. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Idan kuka jira gobe ba za ka ga rigunan ba. Akwai jirgin ƙasa zuwa Balin nan da awa ɗaya da rabi."

Sai na jiyo muryar Hajiya daga nesa tana cewa, "Alhaji, tashi mana! Kasuwa ai akwai ta a can ma."

Daga nan ban iya taɓa wani aiki ba. Na canza tikiti, na kama ɗaki kusa da tasha, na tura masa lambar dandamalin da zai tsaya. Jirgin ya yi jinkiri a hanya, ni kuwa ina zaune ina bin sa a waya tasha bayan tasha, shayina ya huce a gabana.

Bayan la'asar saƙo ya shigo. Hoto ne: Dakta tsaye gaban gilashi cikin ƙatuwar rigar sanyi, a bayansa wata babbar riga baƙa wuluk tana ƙyalli. A ƙasa ya rubuta, "Irin bugun gidanmu ne. Allah ya yi maka albarka." Sai a lokacin na ji yunwa. Washegari Hajiya ta yini a kasuwannin Balin, ta dawo mana da gasasshiyar gyaɗar Turawa mai sukari.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan. Kafin ku nemo wa mutum araha, ku tambaye shi abin da ya fitar da shi daga gida, ku fara tabbatar da ranar wannan. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da safe, tun akwai jirgin da za a kama.