Ranar da Guguwa Ya Daina Haushi

A gidanmu na ƙauye, can bayan Zango, da an ci tuwon magariba Kaka za ta jawo 'yar kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuma mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Kai mijin nan nawa, ko sabulu ba ka taɓa saya mini ba, sai cin gyaɗata."

Shekarar da nake aji huɗu, kawuna ya kawo mini kwikwiyo daga Baure don gadin awaki. Na sa masa suna Guguwa, kuma wallahi sunan ya bi shi. Ya kori kaji, ya janye zanen da aka shanya, ya ɗauke takalmin baƙo daga zaure. Duk wannan da sauƙi, haushin ne bala'i. Babur ya wuce, haushi. Ƙadangare ya gyaɗa kai, haushi. Baba ya tayar da salla, shi ma ya tayar da nasa. Ran nan Baba yana sallamewa ya ce, "Nan da ranar kasuwa, in karen nan bai rufe baki ba, mafarauta zan ba shi."

Hankalina ya tashi, don ina son karen nan kamar me. Na yanko tsumagiya. Ya yi haushi, in zuba masa. Da abin bai isa ba, na riƙa ɗaure masa baki da igiyar rama. Kwana biyar kacal, Guguwa ya yi tsit. Babur zai wuce, ya buɗe baki, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ranar na zo bakin murhu ina ta cika baki, na ce na iya horo.

Kaka ba ta tsokane ni ba. Ta daɗe tana kallon karen da ya raɓe jikin rumbu, sannan ta ce, "Ga ta nan, ku buɗe kunne."

Wai an yi wata yarinya mai kare sarkin surutu. Ta yi ta dukansa har ya daina haushi, kowa ya yaba mata. Wata rana da damina iyayenta suka tafi gona, suka bar mata ƙanenta mai rarrafe. Tana surfe a tsakar gida, yaron ya sulale ta ƙofar baya, inda kududdufi ya cika maƙil. Sai ga kare a guje. Ya zagaya ta, ya fita, ya dawo, ya buɗe baki, ya kalli taɓaryar hannunta, ya rufe. Ya kama bakin zanenta yana ja. Ita kuwa takaici ya kama ta, ga yawun kare a zanen da za ta yi salla da shi, ta ɗaga taɓarya ta kore shi. Sai da ta gama surfe ta nemi yaro. Ta tarar da karen zaune a bakin ruwa, jikinsa sharkaf.

Muka zuba mata ido muna jiran ƙarshen. A tatsuniyoyin Kaka ba a rasa mai ceto, ko kifi ya amayo yaro, ko wata tsohuwa ta fito da shi daga ƙarƙashin ruwa. Sai kawai ta fara tone gyaɗa daga toka.

"Kaka, ba ki ce ƙurunƙus ba," in ji yayata Hadiza. Da kalmar nan ake rufe tatsuniya, kowa ya san ƙarya ce aka yi don nishaɗi.

"Ba zan ce ba."

"To yaya sunan yaron?"

"Sani."

Innalillahi! Sani sunan Baba ne, kuma shi ne ɗanta na fari. Saboda kunyar ɗan fari, tunda muka taso ba mu taɓa jin sunan nan a bakinta ba, "wancan" take ce masa. Ashe ita ce yarinyar, sunan ƙanenta aka mayar masa. Baba yana kan tabarma da rediyonsa, na ji ya kashe ta. Gyaɗar nan ba wanda ya taɓa.

Da safe na jefa tsumagiya da igiyar cikin murhu. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, Baba bai sake tayar da maganar mafarauta ba. Amma Guguwa ya ƙi haushi. Na yi tsalle a gabansa, na koro masa kaji, har haushin na yi masa da bakina, sai dai ya kaɗa wutsiya ya lafe. Na yi kuka ba sau ɗaya ba.

Sai da aka yi girbin gero, wani mai babur ya shigo da buhun taki, Guguwa ya zabura ya saki murya. Daga cikin ɗaki na ji Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi."

Yau ina cikin garin Daura da 'ya'ya uku da kare ɗaya, duka huɗun masu baki. Maƙwabta suna ƙorafi, ni ma wani lokaci kaina har ciwo yake. Amma duk wanda ya ɗaga murya a cikinsu, kafin in ce a yi shiru, sai na tashi na leƙa ƙofar baya.