Sista A-hankali da Ramukan da Na Toshe

Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga ɗakin masu ciwon huhu, tun masu shara ba su gama goge ƙasa ba. Ba ta fara taɓa takardu. Gado-gado take bi, ta tsaya ta wajen ƙafa ta zuba wa kafaɗun mara lafiya ido. In ta ga kafaɗu na ɗagawa da kowane numfashi, jijiyoyin wuya sun miƙe, ta san mutumin nan aiki ya kwana yi. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "To, a hankali." Daga nan sunan ya bi ta. Shekara talatin da ɗaya ana kiranta Sista A-hankali, har likitoci ma haka suke ce mata.

Ƙarshen watan nan take ajiye aiki. Ni mai gyaran famfo ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma na rantse ba za ta tafi ban faɗi abin da ta yi wa gidanmu ba, ko da zan tona wa kaina asiri.

Babanmu ya yi shekara arba'in yana walda, ga taba da ya daɗe yana sha kafin ya bari. Huhunsa ya gaji. Bara sau biyu muna kwasar sa zuwa asibiti ranga-ranga. A karo na biyu likita ya kira mu gefe ya ce in aka sake kawo shi a haka, sai dai a zura masa bututu ta maƙogwaro a haɗa shi da babban inji. Baba da kunnen tsiya ya ji. Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai yarda ba, gara a bar shi ya tafi a gadonsa. Mun san halinsa, in ya faɗa ya faɗa. Abin da ya rage mana shi ne wani ɗan inji mai tiyo da takunkumi, wanda zai riƙa tura masa iska ta hanci da baki in zai yi barci.

Ranar farko da ya ga takunkumin, ture shi ya yi. "Ni akuya ce da za a ɗaure mini baki?"

Sista ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauki wani takunkumin ta sa a fuskarta, ta kunna injin, ta zauna tana kallonsa har ya fara dariya yana tari. Da ta cire sai ta ce, "Baba, akwai wata faffaɗar tsoka a ƙarƙashin huhunka, ita ke jawo maka iska. Kowa tasa tana samun sauƙi in ya kwanta, taka kuwa ta yi shekaru tana ɗaukar kayan mutum biyu. Injin nan kama mata zai yi, ta huta, gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jininka ta samu ta fita. Ba zan ɗaura maka ba. Riƙe da hannunka, in ka gaji ka cire."

Kwana uku yana riƙewa da hannu: minti biyu, minti biyar, rabin awa. A rana ta huɗu shi da kansa ya ce, "'Yata, zo ki ɗaura mini igiyar nan, hannuna ya gaji." Wani tsohon direba da ke gadon kusa ya ce mini haka ta yi masa shekara shida da suka wuce, bayan ya yi jifa da nasa takunkumin har ya fasa kofin likita. Wata mai shara kuma ta ce ta sha ganin Sista ta bar abincinta ya huce tana koya wa mara lafiya fitar da numfashi ta tsukakken baki, kamar mai hura shayi mai zafi.

Aka sallami Baba. Ranar ina wajen aiki, Umma da ƙanwata ne suka saurari bayanin injin. Sati biyu abin gwanin sha'awa, Baba na tashi garau.

Sai ni na zo da iyayina. Wata safiya na ɗauki takunkumin ina dubawa, na kunna injin, na ji iska na tsirtowa ta wasu ƙananan ramuka a gabansa. Jama'a, mai gyaran famfo ya ji yoyo! Raina ya ɓaci, na ce ashe rabin iskar Baba a banza take tafiya. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauko gam ɗin da muke liƙe bakin baho da shi, wanda ba ya nuna kala, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya na toshe su tsaf. Aiki ya yi kyau har ba mai iya ganewa. Na koma shago ina jin kaina.

Cikin kwana huɗu Baba ya canja. Yana tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi da cokali a hannu, ya kira ƙanwata da sunan yayarsa da ta rasu. Umma ta ce injin ne bai karɓe shi ba. Shi kuma ya ce daga yau ya daina sawa. Ni dai na ga hanyar bututun nan ta buɗe, kuma na san ba zai bi ta ba.

Ƙanwata ta kira Sista a waya. Abu ɗaya ta ce: "Ku kawo shi yanzu. Ku taho da injin yadda yake, kada ku wanke, kada ku gyara komai."

Ashe ƙa'idarta ke nan, sai ta ga kaya yadda aka kwana da su. Likita na duba Baba, ita kuma ta kunna injin ta kai bayan hannunta gaban takunkumin. Ba ta ji iska na fitowa ba. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta kankara da farce. Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kan hannuwana.

"Ɗan'uwa, wace sana'a kake yi?"

"Gyaran famfo, Sista."

"Zo ka taya ni ɗauko wani abu a sito."

A sito ta rufe ƙofa, ta kunna sabon takunkumi, ta kama hannuna ta ɗora a kan ramukan. "Ka ji wannan yoyon? Ta nan iskar da Baba ya fitar take ficewa. Da ka toshe, ita yake sake shaƙa har gari ya waye."

Na zauna a kan kwali. Na ce, "Sista, kashe ubana na tashi yi?"

Ta ce, "Ƙaunarsa ce ta sa ka. Ni ma da laifina, da ban neme ka na yi maka bayanin ramukan ba. Kuma kun kawo shi da wuri. Share idonka, kai za ka sa masa sabon da hannunka."

Kwana biyu Baba ya yi a asibiti, ba a zura masa komai ba. Da ya farka da safe ya ce kansa wasai, ya tambayi wa ya ɓoye masa rediyo, na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ni da bakina na faɗa masa gaskiya daga baya. Ya ce, "Allah ya shirye ka. Da hancina ma ka liƙe ka huta."

Sista A-hankali, ke ce kika ga kuskuren da zai iya raba ni da ubana, kika gyara shi ba tare da kin kunyata ni a gaban uwata ba. Ke ce kuma kika ɗora wa kanki rabin laifin, alhali ba naki ba ne. An ce mini tun daga ranar, duk wanda za a sallama da inji sai kin tambaya, "Wane ne mai gyare-gyare a gidanku? A kawo mini shi." Kin zaunar da makanikai da teloli da masu gyaran waya, kin sa kowannensu ya taɓa ramukan nan da hannunsa. Uwar masu numfashi da ƙyar, Allah ya hutar da ke yadda kika hutar da ƙirazan mutane.

Ku da za ku gaje ta, injin kowa zai iya koyon kunna shi. Ku koyi jawo kujera. Ku tambayi abin da ake yi a gida, ku duba kayan da idonku, kuma in kun kama irina ku ja shi gefe. Mu kuma 'yan gida, mu riƙa tambaya kafin mu nuna gwaninta.

Mun gode, Sista. Ina rubuta wannan ne a tsakar gida, Baba na daga ɗaki yana zazzaga mini faɗa a kan famfon banɗakinsa da na yi wata guda ban gyara ba. Tun ɗazu yake yi, da ƙarfi, bai tsaya neman numfashi ba ko sau ɗaya. Na ƙi tashi da gangan, ina so ya ƙara.