Hoton da aka sauke daga bango

Jiya a unguwar Abbasiya, nan ƙasar da muke baƙunci, na ji ƙamshin shayi da na'ana'a, sai Baba ya faɗo mini a rai. Ba mahaifina ba ne, tsohon tafinta ne da ya yi karatu a Yugoslabiya zamanin kwaminisanci. Ko ya shiga gidan shayi ba ya zama sai bayansa na jingine da bango.

Ranar da aka naɗa ni mataimakin shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu, na je masa da murna. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Wa ya kawo sunanka?"

"Shugaban da kansa, Baba."

"Tamam, ya yi kyau," ya ce, bai yi murmushi ba. "A ɗakin cin abincinmu na makaranta can Yugoslabiya akwai hoton mataimakin shugaban ƙasar a bango. Wata safiya muka tarar da ƙusa kawai. Aka ce ya ci amana, khalas, shi ke nan, ba wanda ya sake ambatonsa. Ɗana, mataimaki ake ajiyewa kusa saboda ranar da za a nemi mai laifi."

Na ɗauka zargi ne irin na tsufa. Bayan wata biyu shugaban ya kawo mini takardar ƙorafi mai zafi zuwa ofishin jakadancin ƙasarmu, wai in sa hannu ni kaɗai. Na ce mu sa tare. Ya naɗe ta ya sa aljihu, bai ƙara zancenta ba.

Baba ya rasu kafin in ba shi labari. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya kwanta cikin aminci.